Baƙin Lalle a Kumatun Hanifa

Amaryar nan ba ta zama wuri ɗaya. Wallahi tun da Kellu ta fara sana'ar zanen lalle ba ta taɓa gamuwa da mai ƙaiƙayin jiki irin Hanifa ba. A ce ta miƙe hannu, sai ta tuna da waya. A ƙwace wayar, sai hanci ya ce a sosa shi. Ga zafi, ga babu wuta, ga 'yan mata suna shiga suna fita kamar ana rabon zakka.

Ita kuwa Kellu hankalinta a tashe yake. Bikin nan a hannun Ya Ammatullahi yake, gwaggon amarya, matar da in ta yabi mai lalle a unguwar Bulumkutu to ta gama neman aiki, in ta kushe ta kuma sai dai ta nemi wata sana'ar. Kellu ta daɗe tana kamun ƙafa kafin a kira ta daga unguwarsu ta Bolori. Gobe ne wushe-wushe, taron da dangin ango za su cika gida su ƙare wa amarya kallo. Shi kuma baƙin lalle ba ya yafiya, in ya taɓa fata ya zauna ke nan sai ranar da ya ga dama.

"Hanifa, don girman Allah ki tsaya."

"Ya Kellu, na gaji. Bayana zai ɓalle."

"To tsaya in ba ki labari."

Ina ta ga wani labari? Baki ne kawai ya riga ta. Ta ce wai akwai wani Umara mai rakiyar shanu zuwa kudu a bayan tirela, da wata Talatu mai kunun tsamiya a bakin kasuwar shanu ta Gamboru. Umara ba ya son tsami ko kaɗan, amma kullum sai ya sayi kofi biyu, ya sha yana yamutsa fuska, don dai ya daɗe a tsaye a gabanta.

"Kai, wannan wawa ne," in ji Hanifa tana dariya.

"Ke dai bar hannun a buɗe."

Ikon Allah, hannu ya tsaya. 'Yan matan da ke zirga-zirga suka zube a tabarma ɗaya bayan ɗaya. Kellu da kanta abin ya ba ta tsoro, don maganar tana zuwa ne kafin ta neme ta. Ta san kalar gyalen Talatu, ta san Umara yana ɗingishi kaɗan saboda wani bijimi ya taɓa taka shi. Wani daɗi da ba ta san sunansa ba yana hawa mata kai. Ta gama hannun dama, ta gama na hagu, zane ya fito tsaf, irin wanda ba ta taɓa yi ba.

A nan mai hankali zai ja bakinsa ya jira lalle ya bushe. Amma wa ya ga Kellu da tsayawa? Ta ce ranar nan tirela ta dawo daga kudu, Talatu ta zuba kofi biyu tana jira, sai direba ya sauko shi kaɗai, ya miƙa mata hular Umara.

A garin nan wane gida ne ba a taɓa samun wanda ya hau hanya aka ji shi shiru ba? Hawaye ya gangaro wa Hanifa, ta ɗaga bayan hannu ta share.

"Innalillahi!"

Baƙi ya ja layi daga ƙasan ido har gefen kunne. Aka rikice. Wannan ta ce lemon tsami, waccan ta ce kananzir, wata ta ruga neman man goge baki. Ya Ammatullahi ta shigo, ta dubi kumatun, ta dubi Kellu.

"Zane aka kira ki ko tatsuniya? Tattara kayanki ki fita mini daga gida."

Kellu ta tattara, kunya kamar ta nutse. Tana bakin ƙofa ta jiyo Hanifa, an danne mata kai ana dirzar fuska, tana kira:

"Ya Kellu! Ya dawo ko bai dawo ba?"

A soro wata dattijuwa ta ja ta gefe. "'Yar nan, aika wa Ya Ammatullahi da ban haƙuri yanzu-yanzu, kafin ta ɗauki waya ta fara kiran ƙawayenta. In ta fara, kin tashi aiki."

Gaskiya ta faɗa, Kellu ta sani. Tana shiga keke napep ta ciro waya, yatsu duk baƙi, ta rubuta: "Ya Ammatullahi, don Allah ki yi haƙuri." Ta tsaya. Ta gyara zama, ta sake gyarawa. Ta so ta ji baƙin cikin sana'arta, ta neme shi, amma Talatu ta tsaya mata a rai riƙe da hula.

Hular nan ai tana nan a ƙasan akwatinta. Ta Abakar ce, mijinta da ya bi tirela kudu, wanda shi ma ba ya son tsami. Shekara da shekaru babu wanda ya tambaye ta ko ya dawo, don kowa ya san amsar. Yau an tambaye ta, kuma yau amsar a hannunta take. Idonta ya ciko, wannan karon ita ce mai kukan.

Ta goge ban haƙurin gaba ɗaya. Ta rubuta: "Ranar da Umara ya dawo, kansa babu hula." Layi na biyu ya biyo baya da gudu, na uku ya ture shi.

"Hajiya," in ji mai keke, "an fa wuce Bolori."

"Mu je."

"Ina?"

"Kai dai ja, malam. Yanzu ya shigo kasuwa, ba ta gan shi ba tukuna."