Jan Biro da Hoton Zuciyarsa

Shekara talatin da biyar tsohon hedimasta ya yi yana duba takardun yara, har suka laƙaba masa Jan Biro. A wurinsa ja bai da wata ma'ana sai faɗuwa.

Da ƙirji ya fara matse shi in yana hawan tudu a keke, matarsa ta ɗaure keken da sarƙa, ta jefa makullin a jaka. "Sai likita ya yarda, Malam." Shi kuwa da a raba shi da keken nan gara a hana shi abinci.

A asibiti aka manna masa wayoyi, aka ɗora shi kan injin tafiya har ya jiƙe sharkaf, aka yi masa allura, aka ɗauki hoton zuciyar. Aka ba shi ambulan ya kawo wa likita ran Alhamis. Mai duba na wasu ai ba ya jira, tun a baranda ya buɗe. Hoton zobba ne layi biyu, duk jawur. Ko daƙiƙin ajinsa bai taɓa kwasar ja haka ba. Ya je gida ya cusa ambulan ƙarƙashin katifa, ya manta wa ke gyaran gadon.

Ran Alhamis matar ta tasa shi gaba, ambulan a hannunta.

"Baba," in ji likitar, "layin sama kana kan inji, na ƙasa kana hutawa. Jan nan alama ce jini na kaiwa ko'ina. Shi muke so."

"Ja kuke so?"

"Sosai ma. Duhu ne abin dubawa." Ta nuna ɗan gurbi a zoben sama. "Nan jini na raguwa in ka wahala, amma dubi ƙasa, ya cike. Jijiya ce ta ɗan tsuke. Za ka sha magani, ka dawo bayan wata guda. Keke a hankali, ban da tudu."

Matar ta ƙyalƙyale da dariya. "Yau ka ɗanɗana abin da kake yi wa 'ya'yan mutane!"

Amma da ta miƙo masa makullin keken ya ga idonta ya yi ja. Sai ya tuna kwana uku ke nan idonta na hawaye tana cewa albasa ce. Ashe tun ranar farko ta buɗe ambulan, kuma a gidansa ta koyi karatun ja.