Malesela da Wayar Kwanar Gidan Burodi

Sau uku cikin mako ɗaya ƙahonin bas suka zame daga waya a kwanar gidan burodi, kuma duk ukun a kan Malesela Ramushu aka sauke laifin. A Pretoria ta wancan zamani ba a shan wahalar neman mai laifi, baƙin mutumin da ya fi kusa ake dubawa. Shi ne kuwa yake hawa motar tsani duk Litinin yana shafa wa mararrabar wayar giris, shekara goma sha tara ke nan.

Bas-bas ɗin nan masu hawa biyu ba sa shan mai. Ƙaho biyu ne a bisa rufinsu suke jan wuta daga wayoyin da aka shimfiɗa saman titi. In ƙaho ya zame, motar ta mutu a inda take, na bayanta duk su jeru, don mai ƙaho ba ta iya wuce 'yar'uwarta.

Ran Laraba foman Odendaal, wani jan Bature mai gajeren wuya, ya kira shi da sunan da ke cikin fas ɗinsa, Solomon, ya ce Juma'a ƙarshen wata ne kuma ba zai sa masa hannu a fas ɗin ba. Kowa ya san ma'anar haka. Fas ɗin nan shi ne izinin baƙin mutum na zama a gari, in babu sa hannun ubangida, kwana uku ake ba mutum ya bar gari, gidansa na Atteridgeville kuma a miƙa wa wani.

Da ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Mmaphuti tana naɗe farantai a tsohuwar jarida, ga gwangwanin irin masarar da uwarta ta aiko mata a kan taga, ga ruwan shuka ya sauka tun shekaranjiya. Ta ce ba za ta shuka abin da baƙo zai zo ya gasa ba. Shi kuwa ya wanke hannu ya ja tuwonsa, ya ce ta bar farantan inda suke.

"Baban Lesiba, wayar taka ce za ta ba mu ɗaki?"

"Ita ta ba mu wannan ai."

Ta harare shi, ta ci gaba da naɗi.

Ba cika baki yake yi ba, ya san mai laifin. Fanie ne, sabon direban da aka kawo daga motocin gas. Ƙafarsa ta saba da danna totur a kwana, alhali mai ƙaho a kwanar nan ɗaga mata ƙafa ake yi, a bar ta ta sulale ƙarƙashin mararraba da kanta. Amma baƙin lebura ya buɗe baki ya ce Bature ya yi kuskure? Wannan ko Juma'ar ma ba zai kai ba.

Da safiyar Alhamis Malesela ya roƙi Odendaal awa ɗaya, ya ce in ya yi ƙarya ko sau ɗaya ne, ya riƙe alƙalaminsa. Suka tsaya a kwanar, furen bishiyar jakaranda ya rufe dakali, ƙamshin burodi yana dukan hanci. Malesela ya juya wa titi baya, ya manna kunnensa a turken ƙarfen da ke riƙe da waya.

"Yau kuma boka ka koma, Solomon?"

"A'a, baas," ya ce, yadda ake kiran Bature ubangida. "Kunne ne kawai."

Waya tana kuka tun kafin mota ta bayyana, kuma kowane direba da irin kukan da yake sa ta. Ya ce ta farko za ta wuce, mai ita ya ɗaga ƙafa tun daga kantin magani. Ta wuce. Ya ce ta biyu ma za ta wuce, sai dai bakin ƙahonta na hagu ya cinye, a duba shi in ta shiga gareji. Odendaal ya ɗaga kai ya bi ƙahon da kallo, ya daina murmushi. Guda shida suka wuce haka.

A ta bakwai kukan ya hau sama maimakon ya kwanta. Malesela ya janye kunnensa, ya sunkuya ya ɗauki doguwar gorarsa mai ƙugiya.

"Matsa baya, baas."

Ko rufe baki bai yi ba ƙahonin suka fizge, tartsatsi ya zubo, motar ta tsaya cak, matan da ke hawan sama suka dafe huluna. Malesela ya taka a hankali, ya saƙalo ƙaho ɗaya ya ɗora, ya saƙalo ɗayan, kamar mai shanya riga a igiya. Odendaal ya zaro ɗan littafinsa ya duba wanda ya tuƙa a ranakun nan uku, sannan ya leƙa ya dubi wanda ke riƙe da sitiyari. Malesela bai ambaci sunan kowa ba, takalminsa yake kallo.

Fanie, kunnuwansa sun yi jajir, ya rantse babu wanda ya taɓa nuna masa inda ake ɗaga ƙafar. Odendaal ya ce wa Malesela ya shiga ya nuna masa, sai kuma ya tuna motar ta fararen fata ce kaɗai. Su ukun suka tsaya suna kallon matakalar. Malesela ne ya fitar da su kunya. Ya ɗauko gwangwanin farin fenti daga motar tsani, ya koma turke na uku kafin kwanar, ya zagaye shi da layi mai faɗi, ya ce daga nan ake ɗaga ƙafar.

Odendaal ya daɗe yana juya alƙalami a hannu.

"Yaya aka yi ka san su haka, ba ka taɓa tuƙa ko ɗaya ba?"

"Ko shiga ban taɓa yi ba, baas. Shekara goma sha tara daga waje nake jin su."

Baturen bai ba shi haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Ya dai karɓi fas ɗin ya ɗora a kan madigadi ya sa hannu, tun Juma'ar ba ta zo ba. Malesela ya mayar aljihu. Daɗi ya cika shi, haushi ma yana nan bai tafi ba, don ya san da ta bakwai ta yi sa'ar wucewa, da yanzu shi ne maƙaryaci.

Da la'asar ya sauka daga jirgin ƙasa yana ta shirya yadda zai ajiye fas ɗin a gaban Mmaphuti ba tare da ya ce uffan ba. Ya tura ƙyauren shinge, sai ya ja ya tsaya. Bayan ɗaki an yi kunya biyar, ƙasa jiƙe, gwangwanin irin yana kife a gefe babu komai a ciki. Tana durƙushe a kunyar ƙarshe tana rufe rami da tafin hannu.

"Ba ki ma ji yadda aka ƙare ba," ya ce.

"Kai ka ce in bar farantan." Ba ta ɗago ba. "Cire takalmin nan, kada ka tattake mini shuka."