Takarda ta Goma Sha Biyu

Radka ta sa farce ta ɓamɓare takarda ta bakwai daga jikin bishiyar bakin kasuwa, ta cusa a aljihu. Hoton mahaifinta ne, Zahari, da sanarwar cikarsa shekara da rasuwa. Gwaggonta Penka ce ta bi unguwar tun da sassafe tana liƙawa, yadda kowane gida a garin Sliven yake yi wa mamacinsa.

Wayarta ta yi ƙara. Penka ce.

"Ke Radka! An ce an gan ki kina yage ɗan'uwana kamar fostar zaɓe?"

"Gwaggo, ai na roƙe ki. Ƙarfe tara Mama take fitowa sayen burodi."

"To sai me? Ba mijinta ba ne? So kike a ce mun rufe shi mun kaɗe hannu?"

"Ba ke kike riƙe ta ba in ta gani. Guda nawa kika liƙa?"

"Sha biyu. Ki dafa su ki cinye, marar kunya!"

Tun da ciwon mantuwa ya kama uwarta Stoyanka, Radka ba ta san hutu ba. Lokacin kwana arba'in da rasuwar an liƙa irin wannan takarda a ƙofar gida, sai ya zamana kullum safiya Zahari yana mutuwa sabo a wurin Stoyanka. Matar da ta yi shekara talatin tana koyarwa ba a taɓa jin ihunta ba, ita ce ke fasa kwanuka, har ta ciji Radka a hannu. Daga nan Radka ta koyi ƙarya: Baba yana gonar inabi. Kulle tsohuwar kuwa bai yiwuwa, don zuwa gidan burodin nan shi kaɗai ya rage mata.

Radka ta yi ƙofar coci da gudu, ta yi kantin magani, ta yi ƙofar makaranta, ta yi turken lantarki. Sha ɗaya. Ina ta sha biyun?

A tashar bas ta hango takardar, da uwarta a gabanta, kwat a kan rigar barci, burodi a hammata, hancinta ya kusa taɓa hoton. Radka ta rage sauri. Ta matso a hankali tana shirin riƙe mata hannuwa.

"Mama..."

Stoyanka ta juyo, fuskarta a sake. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Allah sarki. Dubi wannan bawan Allah, daga gani mutumin kirki ne. Ko ya bar iyali?"

Ba ta gane mijinta ba. Ihun da Radka take ta tsoro tun safe, yanzu shi take so ta ji.

"Ya bari, Mama."

"To, Allah ya ba su haƙuri. Mu je, yunwa nake ji."

Suna tafe, Radka ta zaro takardun daga aljihu, ta shiga miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a ƙirjinta. Sannan ta kira Penka.

"Gwaggo, akwai sauran gam? Zo mu mayar da su."