Ƙafa Tata, Hannu Nasa

"Mota ɗaya, direba biyu!" Haka malaman makarantar da Auta ke koyarwa suke tsokanarta, ita kuwa abin ya daɗe da daina ba ta dariya.

Babanta tsohon direban babbar mota ne. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, ƙafar hagu ta ƙi taka kuloci, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Baba ya ce to, sai ya koya wa autarsa da ƙaramar motar gida. Ya koya mata sitiyari, ya koya mata birki da totur. Amma giya? Sam! Yana zaune a kujerar gefe, sandar giya a tafin hannunsa na hagu, wanda ya rantse ya warke sarai. Sai ya ce, "Taka!" Ta taka kuloci, ya canza, ya ce, "Saki!"

"Baba, yaushe zan sa giya da kaina?"

"Sai kunnenki ya iya jin inji. Gaggawa aikin shaiɗan."

Kunne dai ya ƙi iyawa. Mace da aikinta, da lasisinta a jaka, amma ko kanti ba ta isa ta je ba sai ta jira Baba ya yi wanka ya nemo hularsa. In tana aji, yana kan bencin maigadi yana ba shi labarin hanya. Abin yana cin ta, tana haɗiyewa, don ta san sandar nan ita kaɗai ta rage masa.

Ran nan sun makara. Suna kan babban titi a giya lamba biyar, ga tirela a gabansu tana jan jiki kamar mai ciwon baya.

"Mu sauka huɗu mu wuce ta. Taka!"

Ta taka. Da wutsiyar ido ta ga hannun Baba yana rawa, ta ga ya zame ya turo sandar can ɓangarenta. Zuciyarta ta ce ba nan ba ne. Amma Baba ya ce, "Saki!" kuma ƙafarta ba ta taɓa yi masa gardama ba.

Innalillahi! Injin ya kurma ihu, allurar mitar inji ta faɗa cikin ja, motar ta turje har bel ɗin kujera ya shaƙe su. Auta ta sake danne kuloci, ta gangara gefen titi. Injin ya yi ƙwas-ƙwas ya mutu.

"Kin saki da garaje!" in ji Baba.

Ta ciro waya ta kira bakanike.

A gareji bakanike ya buɗe kan injin ya girgiza kai. "Bawul sun lanƙwashe, Baba. Daga biyar aka faɗa biyu ana gudu. Wa ke kan giya?"

"Yarinya ce, tana koyo. A yi mata uzuri."

Nan fa tura ta kai bango.

"Koyo? Ni ko taɓa sandar nan ka taɓa bari na yi? Hannunka ne, Baba! Ina kallo yana rawa. Bai warke ba, kowa a gida ya sani, tsoron gaya maka ake yi. Wallahi na gaji!"

Bakanike ya cusa kai cikin inji kamar ya yar da wani abu. Baba ya dubi hannun, ya juya shi, sannan ya sa shi a aljihu. Tun kafin ta rufe baki ta so ta maido maganar, amma magana zarar bunu ce.

Ranar da mota ta dawo, Auta ta fito da ban haƙurinta a baki. Ta tarar Baba ya riga ta shiryawa, hula a kai, yana zaune a kujerar baya.

"Baba, dawo gaba mana."

"Nan ma ya yi."

Ta sa lamba ɗaya da kanta. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake tayarwa, ta sake mutuwa. Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. A karo na uku suka hau titi, ta lallaɓa ta shiga biyu, sai ta maƙale a nan. Injin yana kuka, na baya suna ta hon, wani ya leƙo yana cewa, "Malama, canza giya mana!" Ita kuwa ƙafarta na kan kuloci tana jiran a ce taka.

Ta dubi madubi. Baba yana kallon taga, leɓensa na motsi, ya danne hannun hagun da na dama a kan gwiwa.

"Baba, in canza?"

Bai juyo ba.

"Ke ce direba," ya ce.