Dokin da Ya Iya Faɗuwa

Mai son sayen dokin bai gama jan linzami hagu ba, sai dokin, Biscuit, ya zube da shi kamar an harbe shi. Mutumin ya tashi yana kakkaɓe wando, ya zagi doki da mai doki, ya ja motarsa. Shi ne na huɗu a watan.

Mai dokin, Orval Tackett, na kan kujera a bakin shinge, robar iska a hanci, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Wilma, maƙwabciyarsa tun kafin mijinta ya rasu, ta bubbuga masa baya.

"Kai tsohon nan, da ka faɗa masa mana."

"Na faɗa, Wilma. Kowa gani yake ya fi doki wayo."

Da ƙuruciya Orval ya yi shekara goma yana hawan dawakai marasa horo a filin gasa, sai 'yan fim suka ɗauke shi ya riƙa faɗuwa a madadin jarumai. Ya mutu a allo ya fi sau ɗari, ko gefen fuskarsa ba a taɓa nunawa ba. Shi ya koya wa Biscuit sana'ar: a ja hagu, ya faɗi. Yanzu likita ya ce makonni suka rage wa Orval, 'yarsa da ke garin Tulsa ta ce kasuwa za ta kai dokin, kuma kowa ya san tsohon doki daga kasuwa sai mahauta.

Bai taɓa roƙon Wilma ta karɓi dokin ba. Girman kai ne, kuma ya san ko akuya tsoronta take ji.

Ranar Talata ta kawo masa kofi, ta tarar da shi a kujerar, hula a cinya, ya riga ya yi sanyi. Mutum shida ne a jana'izar. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. A nan 'yar ta ce motar ɗaukar doki za ta zo Juma'a.

Da safiyar Alhamis Wilma ta ɗauko filaya ta yanke wayar da ta raba gidajen biyu. Ba ta ko yarda ta taɓa igiya ba. Ta zuba hatsi a tasar wanke-wanke, ta riƙa ja da baya a hankali, tana cewa, "To zo mana, malam." Biscuit ya daɗe yana duban kujerar. Sannan ya tsallako, ya tsaya a tsakiyar tumatirinta.