Malam Mai Gemu a Tsakiyar Fuka-fukai

Gwaji aka ɗauki Anti koyarwa a ajin 'yan shekara huɗu, kuma Mai Makaranta ba ta ɓoye mata ba: ranar ziyarar iyaye za a san ko za ta zauna ko za ta kama gabanta.

Aikin da ta ba yaran ba wuya. A ninke takarda biyu, a ɗiga fenti a gefe ɗaya, a danne da tafin hannu, a buɗe, sai ga malam-buɗe-littafi da fuka-fukansa. Aji ya kaure da ihu, fenti har cikin kunne. Mai Makaranta ta leƙo, ta taɓe baki.

"Wannan kwamacalar za mu nuna wa mutane? Zauna ki sake su da hannunki, ki sa sunan kowa."

Anti ta sake su tsaf, ranta ba ya so. Cikin na yaran guda ɗaya ne ta kasa jefarwa, na wata 'yar mitsitsiya da ake kira Firit. Ita Firit da ta buɗe tata takardar cewa ta yi, "Anti, ga littafin, ina malamin?" Ta tsoma yatsa a baƙin fenti ta dasa shi a tsakiya, da hula da gemu har ciki. Anti ta manna shi can ƙarshen bango, ba suna, kusa da kyakkyawan da ta yi wa yarinyar.

Ranar ziyara iyaye suka cika ajin, kowa ya gano baiwa a gidansa. Wani alhaji da ko layi bai iya ja a miƙe ba ya rantse hannunsa ɗansa ya gado. Can wata uwa ta hango na ƙarshe, ta fashe da dariya.

"Wannan dodon fa, na ɗan wa ne?"

Kowa ya matso, kowa na addu'a kada ya zama nasa. Mai Makaranta ta yi caraf ta ce, "Na malamarsu ne. Samfuri ta yi musu. Ko ba haka ba, Anti?"

Anti ta dubi Firit, ta dubi bakunan nan da ke jiran wanda za su yi wa dariya. Tausayi ya kama ta.

"Nawa ne," ta ce.

"Lallai yaran nan sun fi ƙarfin malamarsu," in ji alhajin. "Hajiya, a nemo musu daidai da su."

"An ma fara nema, Alhaji," in ji Mai Makaranta.

Firit ta ƙwace daga hannun mamanta, ta buga ƙafa a ƙasa. "Ƙarya ne! Nawa ne! Ni na yi masa gemu!"

"Allah sarki," in ji maman, tana shafa kan 'yar da alfahari. "Haka take tun tana goye, tausayi gare ta. Asirin malamarta take rufawa."

Aka tafa wa Firit. Anti ma ta tafa, sannan ta je ta ɗauko jakarta.