Funfuna a Fuskar Kafinta

"Kai ne ka taɓa masa hanci, ko ba kai ba ne?"

Yayar maƙwabcina Kafinta ce tsaye a ƙofar shagona, ko sallama babu. Ina tsakiyar yi wa wani direba aski.

"Yaya, gashin hanci na rage masa, kamar kullum."

"To zo ka ga kamar kullum ɗin."

Bango ɗaya ya raba shagon askina da nasa, gidajenmu ma haka. Na same shi kwance a falo, kuncin hagu ya kumbura, idon ya firfito. Gefen hancinsa ya yi baƙi kamar an ɗosana masa gawayi. Ya daɗe da ciwon suga, amma ya fi shiri da lemon kwalba a kan allura.

"Maƙwabci," ya ce da ƙyar, "ka ga yadda ka gyara ni?"

Wasa yake yi. Ba wanda ya yi dariya.

Kafin yamma magana ta zaga layi. Wasu suka ce almakashina ba tsabta. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, ai an sha jin mu muna cacar baki kan ƙurar katakon da ke shigo mini shago. Direban nan ma bai tsaya an ƙarasa masa askin ba.

Ni da matarsa muka kai shi asibiti, Yaya na biye da mu. Likitar ta leƙa hancin da 'yar fitila, fuskarta ta canza. Aka ɗauki hoton kansa, aka tsinko ɗan nama aka kai gwaji.

"Funfuna ce," ta ce da sakamako ya fito, "dangin wadda ke fitowa a kan burodi. Kowa na shaƙar ta a iska, amma in suga ya yi yawa sai ta samu wurin zama. Tana cin nama, ta nufi ƙwaƙwalwa. Dole a yanke abin da ya mutu yau ɗin nan, har da idon."

"Almakashi zai iya jawo ta?" na tambaya.

"Da wuya."

"Kun ji ko?" in ji Yaya. "Da wuya ta ce, ba ta ce a'a ba." Ta juya kan likitar. "Mutum da ransa ya yi funfuna? Idon kuma ina za ku kai shi?"

Shi kuwa Kafinta zazzaɓi ya rufe shi, sai sambatu yake. Matarsa ta ɗauki biro za ta sa hannu a takardar tiyata, Yaya ta riƙe mata hannun. "Ɗan'uwana ba rago ba ne da za ku yanka." Aka dai sa masa wani ruwa rawaya a jijiya, mai sa shi karkarwa har gadon na ƙara. Sai da baƙin ya haura goshi Yaya ta saki hannun, aka shiga da shi tiyata.

Ni kuwa kullum sai na tafasa almakashin nan, in ɗaga shi a rana in yi ta dubawa. Ban ga komai ba, hankalina kuma bai kwanta ba.

Wata safiya Kafinta ya farfaɗo, rabin fuskarsa a naɗe da bandeji. Ya ce a kira ni.

"Gemun nan ya dame ni, maƙwabci. Rabin aiki ne yanzu, kada ka yi raki."

Na sayo sabuwar reza, na ɓare ta a gaban Yaya. Ta karɓi takardar ta jujjuya, ta shinshina. Na aske masa kuncin dama. Ya shafa wurin.

"Ka bar gashi a ƙasan kunne," ya ce. "Kai dai ba ka iya ba."

Bai kai ƙarshen makon ba. Likitar ta ce abin ya riga ya shiga ƙwaƙwalwa, ƙodarsa kuma ta gaza ɗaukar maganin.

A wajen zaman gaisuwa na samu gefen tabarma, na kusa da ni ya ɗan matsa. Yaya ta fito da tire, tana miƙa wa kowa kofin ruwa a hannu. Da ta zo kaina ta tsaya jim, sannan ta sunkuya ta ajiye nawa a ƙasa, kusa da takalmana, ta wuce.